Rasuwar Baba, Aminin Ɗalibanmu

Zuwa ga iyaye da masu riƙon yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna sanar da ku cikin alhini cewa dattijon nan da yaranku suke kira Baba ya riga mu gidan gaskiya a lokacin hutun da ya wuce. Ba ma'aikacinmu ba ne, ba shi kuma da ɗa ko jika a makarantar nan, amma da wuya a sami ɗalibin da ya yi karatu a wurinmu bai taɓa bin sa zuwa bakin rafi ba.

Baba mutum ne da zaman ɗaka bai karɓe shi ba. Ko da ƙafa ta fara yi masa nauyi, sai ya dogara sanda ya ci gaba da fita, yara na biye da shi, kowa da littafinsa da fensir. Dokarsa guda ce, wato kada yaro ya tambayi sunan abu sai ya tsaya ya dube shi da kyau. Ta haka ɗalibanmu suka gano da idonsu cewa gawo yana kaɗe ganye da damina, ya tofo da rani, saɓanin sauran itatuwa, kuma shi ya sa amfanin gona yake yin kyau a ƙarƙashinsa. Shi ne ya shaida musu cewa shamuwar da suke murnar gani gabanin ruwan farko, idan ta gama ƙyanƙyasa, tana ƙaura zuwa kudancin Afirka har wata shekara.

Darasin da malamanmu na lissafi ba za su manta ba shi ne na inuwa. Yakan kafa sanda mai tsawon mita 1, ya sa a auna inuwarta, sannan a auna ta bishiya a daidai wannan lokaci. Idan inuwar sandar ta kai mita 2, ta bishiyar kuma mita 20, to tsawon bishiyar mita 10 ne, ba tare da kowa ya hau ta ba. Mun yi ta koyar da wannan a kan allo yara suna hamma, sai ga shi sun riƙe shi a yini ɗaya. A gaskiya abin ya ɗan ba mu kunya.

Akwai kuma alherin da ya hana mu faɗa yana raye. Ya sha saya wa marasa ƙarfi littattafai da takalma, bisa sharaɗin kada yaron ya san daga inda suka fito, kuma za mu ci gaba da rufa wa waɗannan gidaje asiri kamar yadda ya so.

Hukumar makaranta ta yanke shawarar ci gaba da fitar da yara sau ɗaya a wata, ƙarƙashin kulawar malamai biyu. Kowane aji zai dasa bishiya ya riƙa ba ta ruwa. Za a ba yara takardar neman izini, muna roƙon ku sa hannu ku dawo da ita, kuma duk uba ko uwar da ke son rakiya, ƙofa a buɗe take.

Muna miƙa ta'aziyya ga iyalansa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Naku,
Shugaban makaranta