Masu kiwon kunkurun ruwa a gida ku ji tausayinsu

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni ɗan fili.

Yanzu mutane sun fara sha'awar ajiye kunkurun ruwa a gida, sai ka ga an jefa shi cikin roba da ɗan ruwa ana yaga masa burodi, wallahi abin yana damuna. Burodi ba abincinsa bane sam. Yana ƙarami ya fi buƙatar nama, irin su tana, ƙwari da ƙananan kifi, in ya girma kuma sai a ƙara masa ganye sosai, kuma ba sai kullum ba, bayan kwana 2 ko 3 ma ya isa. A cikin ruwa yake iya haɗiye abinci, shi ya sa ruwan ke saurin wari, dole a riƙa canzawa ko a sa filta.

Abin da aka fi mantawa shi ne wajen shan rana. Yana so ya hau dutse ko katako ya bushe jikinsa gaba ɗaya, in babu rana a sa masa fitilar UVB, wato fitila ta musamman mai ba da irin hasken rana, in ba haka ba jikinsa ba zai iya amfani da sinadarin kalsiyam ba, sai ka taɓa ƙoƙon bayansa ka ji ya yi laushi, tausayi kawai. Ranar da ta ratso gilashin taga ba ta wadatarwa.

Sannan yara su wanke hannu da sabulu in sun taɓa shi saboda ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa, ita ta sa Amurka ta hana sayar da ƙananansu tun 1975. Kuma yana iya wuce shekara 20 a raye, a yi lissafi kafin a saya.

Na gode,
Mai karanta jaridarku