Wasiƙa daga Agege zuwa ga Malam Habu

Aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya tare da iyali, da kuma Baba, Allah ya ƙara masa sauƙi. Na san ka riga ka yanke hukuncin cewa Legas ta cinye ni, tunda hoton zoben da ka aiko mini kana tambayar ko dutsensa yaƙutun gaske ne ya kwana wata biyu babu amsa. Ka yi haƙuri, wani aiki ne ya sha mini kai, kuma labarinsa ne ya sa na zauna rubuta maka wannan takarda.

Wata Hajiya daga Idi-Araba ta zo shagona da aikin lefen ɗanta, ta ce ba ta son kayan kanti irin na Dubai waɗanda za ka gani a wuyan mata biyar a biki ɗaya, ta fi son abin da aka ƙera da hannu. Sai ta kwance bakin mayafinta ta ajiye mini wani dutse a kan tebur, girmansa bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, idan ka dube shi ta nan shuɗi ne, idan ka juya shi sai ya koma launin makuba. Tanzanait ne, wanda maigidanta ya sayo a Arusha. Wannan dutse a wuri ɗaya tak ake haƙo shi a duniya, wato tsaunukan Merelani na arewacin Tanzaniya, ba nisa da Kilimanjaro, kuma sai a 1967 aka gano shi, daga baya kamfanin Tiffany na Amurka ya raɗa masa sunan ƙasar. Yawancinsa da ratsin ruwan ƙasa yake fitowa daga rami, sai an gasa shi da wuta wannan shuɗin yake bayyana sosai.

Hajiya zobe take so, ni kuwa na ƙi, har ta fara tsuke fuska. Na yi mata bayanin cewa a ma'aunin Mohs, wanda ke jera taurin duwatsu daga 1 zuwa 10, tanzanait yana tsakanin 6 da 7 ne, alhali yashin da ke cikin ƙura taurinsa 7. Hannun amarya kuwa ba ya hutawa, daga wanke-wanke sai shara, kafin shekara biyu dutsen zai dushe kamar an goga masa magagari. A ƙarshe muka daidaita a kan ya zauna a tsakiyar sarƙa, inda babu abin da zai riƙa bugunsa. Ka san ni da taurin kai, kai ma ka sha faɗa, to wannan karon ya yi rana.

Duwatsun da za su raka shi ne suka kai ni kasuwar Ojoo ta Ibadan, kuma a can na ƙara jin haushin yadda muke zaune a kan arziki muna kallon na wasu. Na samu shuɗin dutsen da ake kira akwamarin na Nasarawa guda shida, launinsu kamar ruwan rafi da sassafe. Abin da ke ba ni mamaki kullum shi ne, shi da zumurrudu uwa ɗaya uba ɗaya suke, ma'adininsu ɗaya ana kiransa beril, ɗan ƙarfen da ya shiga jikin akwamarin ya mai da shi shuɗi, sinadarin kuromiyam ko banadiyam da ya shiga zumurrudu ya mai da shi kore. Haka shuɗin yaƙutu na Mambila da jan yaƙutu, dutse ɗaya ne mai taurin 9, bambancin abin da ya gauraya da shi a cikin ƙasa ne kawai. Mafi yawan waɗannan duwatsu namu ɗanye ake kwashe su zuwa Bankok ta Tailan da Jaifur ta Indiya, a yanka a goge, sannan su dawo mana da tsada, matanmu suna alfahari wai na waje ne.

A kasuwar ne wani dillali ya ja ni gefe yana raɗa, ya buɗe wata 'yar takarda ya nuna mini abin da ya rantse faraiba ne. Gaskiya ne akwai irin wannan dutse daga dangin da ake kira tomalin, mai ƙyalli kamar an kunna masa lantarki, wanda jan ƙarfen da ke jikinsa ke ba shi launi, an fara samunsa a jihar Faraiba ta Burazil, aka same shi a Najeriya wajen 2001, sannan a Mozambik. Amma da na ɗora masa madubin nan nawa mai ƙara girma sau goma, sai ga 'yan kumfa guda biyu zagayayyu a cikinsa, shaidar gindin kwalba ne aka goge. Ban ce masa uffan ba, na miƙa masa madubin ya leƙa da kansa, ya naɗe takardarsa ya yi gaba. Da kai ne da tuni ka biya, har ka ƙara masa la'ada.

Kwana goma sha ɗaya na yi a kan sarƙar. Na narka azurfa na ja zarenta da kaina, na gama duk wani liƙi da ke bukatar wuta kafin dutse ko ɗaya ya hau, domin zafi na farat ɗaya yana tsaga tanzanait. Yaron shagona, wanda har yanzu bai daina gaggawa ba, saura ƙiris ya kai wa tanzanait ɗin wuta zai gyara wani ɗan haƙorin azurfa mai riƙe dutsen da ya karkace, Allah ya sa na waiwayo na riƙe hannunsa. Daren nan ban runtsa ba, ina ta lissafin da me zan biya Hajiya. Ranar da ta zo karɓa ta daɗe tana juya sarƙar a bakin ƙofa inda haske yake, sannan ta tambaye ni daga wace ƙasa na sayo shuɗayen nan shida. Da na ce mata Nasarawa, sai ta ce in daina yi mata wasa.

Batun zobenka kuwa, ba a gane yaƙutu a hoto. Tun 1902 wani Bafaranshe mai suna Verneuil ya bayyana hanyar yin jan yaƙutu a masana'anta, taurinsa da sinadarinsa duk irin na ƙasa, saboda haka gwajin karce gilashi da kake tinƙaho da shi ba zai gaya maka komai ba. Ka ba Alhaji Ƙarami zoben idan zai taho da shanu ƙarshen wata, amma ka naɗe shi shi kaɗai a tsumma, kada ka haɗa shi da na Hajiyarka ya kakkarce mata su. Kuma ka faɗa mini gaskiyar nawa ka saye shi, ba kuɗin da ka gaya wa mutanen gida ba.

Ka gaishe mini da kowa da kowa.

Naka har kullum,
Isiyaku