Wasiƙa zuwa ga Yaya daga Ikaluwit, a arewacin Kanada

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya. A gaishe min da Inna, a ce mata ta kwantar da hankalinta. A gaishe da Kawu da Gwaggo da maman Abba.

Na turo naira 400,000 ranar Litinin ta asusunka. Don Allah 150,000 na maganin hawan jinin Inna ne da hatsi, a saye shi yanzu tun bai tashi ba. 150,000 na kwanon ɗakinta, kafin damina ta zo ta same mu kamar bara. Ragowar kuɗin makarantar yara ne. Kada ko sisi ya shiga hannun Auta. Na ji abin da ya yi da na watan Oktoba, na ji maganar babur ɗin, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Sai maganar da ake yaɗawa a unguwa, wai na koma cikin masu cin ɗanyen nama, na bar salla. Yaya, wannan ta yi min ciwo, musamman da aka ce har Inna ta yi kuka. Akwai masallaci a garin nan, tun 2016 aka buɗe shi, kuma Juma'a ba ta wuce ni sai in aiki ya riƙe ni. Hoton da na turo kifi ne, ba mushe ba. Daskararre mutanen nan suke cinsa, su yayyanka shi da wata wuƙa mai kamar jinjirin wata da suke kira ulu. Ni dai nawa dafawa nake yi da yajin da kuka ba ni.

Kuma bai kamata a zagi mutanen nan ba. Inuwit ne sunansu, ƙasarsu ce, tun 1999 aka yanka musu yankinsu na Nunabut a cikin Kanada. Ba a noma a nan, ko bishiya ɗaya babu, babu kuma hanyar mota zuwa kudu, sai jirgin sama na kusan awa 3 daga Otawa, ko jirgin ruwa idan ƙanƙara ta narke. Shi ya sa komai tsada. To da me za su rayu in ba farauta ba? Wanda muke aiki tare da shi a kanti ya fita kan tekun da ya daskare, ya kamo dabbar ruwan da suke ce wa nattiq, wallahi kafin dare ya rabar da ita gida-gida, tsofaffi aka fara kai wa. Ni da ba dangin iya ba na baba, sai da ya aiko min da kifi biyu.

Ya kai ni wurin tsohuwarsa. Ta kunna fitilarsu ta dutse, qulliq, mai faɗi kamar kasko, tana gyara lagwanin da ɗan tsinke a hankali. Na tambaye ta ko in ƙara mata shayi, ba ta ce uffan ba, sai ta ɗaga gira. Ashe haka suke cewa e, in kuma a'a ce sai su yamutsa hanci. Jikarta tana goye da jaririya a cikin rigar sanyi mai mazaunin goyo a baya, amauti, kan yarinyar kawai ke leƙowa. Sai na ji tsohuwar tana kiran jaririyar nan da “uwata”, don sunan mahaifiyarta da ta rasu aka sa mata. Nan take na tuna Abba, da yadda Inna ba ta iya kama sunansa. Na fita waje na tsaya, hawayen ma daskarewa yake yi a gashin ido.

Abba ya fara tafiya kuwa? A turo min bidiyo. Na san na bar muku nauyi, na san ranar sunansa ba na nan, kuma abin yana ci na.

Sanyi da sauƙi, an saba. Yakan kai 30 ƙasa da sifili, amma ina da kaya masu kyau, ɗakin ma da ɗumi. A watan Disamba awa 4 zuwa 5 kawai rana take yi a sama, azahar da la'asar da magariba a jere suke zuwa. Kada a faɗa wa Inna wannan. An ƙara min awannin aiki, shugabanmu ya ce bai taɓa samun kuskure a lissafina ba.

Ina sake roƙonka, kwanon nan kai da kanka za ka je ka saya, ka turo min rasit. Auta kuma ka zaunar da shi gaban Kawu. In yana son sana'a zan taimaka masa, amma ya fara dawo da abin da ya ɗauka. Maman Abba ta ce wayarta ta lalace, a ba ta 20,000 daga wurinka, zan mayar maka ƙarshen wata in sha Allahu.

A sa ni a addu'a.

Ƙaninka