A tuna da tsofaffi wajen gina sababbin gidaje

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan sababbin gidajen Jidda bayan rushe unguwanni irin su Karantina da Gulail, inda Hausawa da dama suka zauna. An yaba marmara da fitilu, amma ba a ambaci tsofaffi ba, alhali dokar haƙƙin dattawa ta Saudiyya ta 2022 ta ba ɗan ƙasar da ya kai shekara 60 haƙƙin zama cikin iyalinsa.

Ina amfanin haƙƙin idan ginin ya hana? Mu hawa na uku muka koma, babu lif. Hajiyarmu ba ta sauka sai ranar asibiti, jikoki biyu na ɗauke da ita a kujera. Marmarar banɗaki kuwa, da ruwan alwala ya taɓa ta sai santsi kamar miyar kuɓewa. Sau biyu tana faɗuwa.

Gyaran ba ya mayar da gida asibiti. Ƙofa mai faɗin santimita 90 da keken guragu zai wuce, tayil mai kaushi, ƙarfen dafawa a bango, da dakalin alwala irin na Harami, duk suna iya yin kyau. Gangarar bakin ƙofa kuma kowace santimita ɗaya ta tsayi tana buƙatar 12 na tsawo. Tun daga tushe abin ya fi araha. Fasa bango daga baya shi ke cin riyal.

Ina roƙon baladiyya, wato hukumar birni, ta sa waɗannan cikin sharuɗɗan izinin gini, masu gidajen haya kuma su fifita dattawa wajen ba da hawan ƙasa.

Naku,
Wani mai karatu, Jidda