Kafin a ce mizajur ya ɓata sauti, a fara aunawa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka kan wata magana da ta fara yawa a bakin masu sono (kayan sautin biki da taro), masu kula da lasifikar masallatai da ma'aikatan ƙananan gidajen rediyo a nan Yamai. Mutum zai sabunta manhajar da ke cikin lasifikarsa ko teburin haɗa sautinsa, abin da a kasuwa ake cewa mizajur, washegari ka ji yana cewa bas ya gudu, ko murya ta sirance. Wani kuma ya rantse sauti ya ƙara daɗi, har ya kwashi sauran kayansa zuwa kasuwar Katako a yi musu irinsa. Mu da gyaran waɗannan kaya ne sana'armu abin yana damunmu, don kuɗi na fita a banza, kaya masu kyau kuma suna mutuwa a hannun masu gaggawa.

Gaskiya ne mizajur yana iya canza sauti. A cikin lasifika mai amfili (na'urar ƙara ƙarfin sauti) a jikinta, da tebur na zamani, da kas (abin sauraro na sawa a kunne) na Bluetooth, akwai ɗan guntun lantarki mai lissafin sauti da ake kira DSP. Shi ke raba sauti, ya tura mai kauri babban bafil, siririn kuma ya tura shi ƙaramin bafil, wato twita. Shi ke ɗaga bas ko ya sauke shi, kuma a hannunsa birki yake, wato limita, mai hana amfili ƙona koyil, naɗin tagullar da ke cikin bafil. Duk waɗannan lambobi ne a rubuce, kamfani na iya sauya su. Idan ya ga twita na yawan ƙonewa a wani samfuri, yana iya sa birkin ya riƙa kamawa da wuri, mai kaya kuwa ya ji kamar ƙarfi ya ragu in an ƙure murya. Amma manhaja ba ta ƙara girman mayen ƙarfe, ba ta ƙara wa amfili wat, ba ta mai da bafil mai inci 12 ya zama na 18. Tsohon amfilin masallaci mai tura lasifikar ƙaho kuwa galibinsa ba shi da manhaja ko kaɗan. Duk wanda ya ce zai yi masa mizajur, kuɗinka yake so.

Abin da ya fi faruwa ya fi wannan sauƙi. Bayan sabuntawa wasu na'urori kan koma saitin da suka fito da shi daga kamfani. Gyaran da aka sha wahala aka yi na ɗakin taro ko na harabar masallaci, wurin da aka rage don kada mikro ya yi kuka, jinkirin da aka sa wa lasifikan baya, duk ya share. Sauti ya canza ƙwarai, amma saitinka ne ya tafi, na'urar lafiyarta lau.

Sai maganar ƙarfin murya, kuma nan ne kunne ya fi yaudarar mutum. In aka kunna waƙa ɗaya sau biyu, na biyun ya ɗara na farko da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) ɗaya kacal, yawancin mutane ba za su ce ya fi ƙara ba, cewa za su yi ya fi cika, ya fi fita tas. Tun 1933 Fletcher da Munson na ɗakin binciken Bell a Amurka suka nuna dalili: kunnen ɗan Adam ya fi jin sautin da ke tsakanin 2,000 da 5,000 Hz (ma'aunin kauri ko sirancin sauti), kuma in aka rage murya, bas ne ke fara ɓacewa a kunne kafin sauran. Saboda haka in mizajur ya sauya matakan murya, lamba 20 ta yau ba ta kai lamba 20 ta jiya ba, mai kaya zai ce an sace masa bas, alhali ɗan ƙarin murya kaɗan zai dawo da shi yadda yake. Ga kuma mantuwa. Kunne ba ya riƙe ainihin kamannin sauti sai na ƴan daƙiƙoƙi. Wanda ke kwatanta abin da yake ji yau da na makon jiya, da tunaninsa yake kwatantawa, kuma in ya riga ya karanta a WhatsApp cewa sabuwar manhajar ba ta da kyau, to abin da zai ji ke nan.

An ga ɓangarorin biyu a fili. A 2019 masu kas ɗin Bose QC35 II da yawa sun yi kukan cewa manhaja mai lamba 4.5.2 ta rage ƙarfin toshe hayaniya. Kamfanin ya karɓi kas ɗin wasunsu ya gwada, injiniyoyinsa suka je har gidajen wasu, a 2020 ya fitar da rahoto cewa manhajar ba ta taɓa wannan ɓangaren ba. Abin da aka samu a wasu shi ne matashin kunnen da ya lalace, ko na jabu, ko wanda ba a maƙala shi daidai ba, iska na shiga. A ɗaya ɓangaren kuma, masu gwajin kaya na RTINGS sun auna kas ɗin AirPods Pro na kamfanin Apple bayan manhajar 2C54 ta ƙarshen 2019, suka ga toshe hayaniya mai kauri ya ragu da gaske. Awo ne ya raba gardama a duka biyun.

To yaya ake awon, ba tare da kayan tsada ba? Kafin a taɓa komai, a rubuta lambar manhajar da ke ciki, a ɗauki hoton kowane shafi na saiti da waya. In tebur ne irin Behringer X32, a kwashe duk saitin da aka ajiye a zuba a kile USB, ɗan abin nan na ajiye fayil. Sannan a zaɓi waƙa ɗaya da karatu ɗaya da kunne ya saba da su, a ajiye su a wuri ɗaya, kada a sauya fayil. A samu sautin gwaji mai tsayawa a 400 Hz, akwai manhajojin waya na kyauta masu fitar da shi. Mun ce 400 don ƙananan mitocin auna wuta da ke hannun masu gyara ba su cika karanta abin da ya wuce haka daidai ba. A sa mita a AC, a ɗora a bakin wayoyin da ke fita daga amfili zuwa bafil, a ɗaga murya har ta nuna bolt 2, a yi alama da alli ko salatif a inda kowane maɓalli yake. Bayan mizajur a mai da komai kan alamarsa a sake aunawa. In mita ta nuna 1.78, an sauka da desibel ɗaya, in 2.24 ne, an hau da ɗaya. A gyara murya har ta koma bolt 2 daidai, sannan a saurara. Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa.

Lasifika mai amfili a ciki ba a kai ga wayoyinta, don haka sai a yi da wayar hannu mai manhajar auna ƙara. A ajiye ta a kan kujera, tazarar mita ɗaya daga gaban bafil, a zana wurin ƙafafun kujerar da na lasifikar a ƙasa. Matsar da lasifika taku ɗaya zuwa bango ko lungu yana ƙara bas fiye da abin da yawancin mizajur ke yi. Wanda ke da kwamfuta da mikron awo, manhajar REW kyauta ce, tana zana layin sautin gaba ɗaya a ajiye a kwatanta. In kuma akwai na'ura biyu iri ɗaya, a sabunta ɗaya a bar ɗaya, a daidaita ƙarfinsu, mai saurare ya juya baya, wani ya riƙa sauyawa sau goma ba tare da ya faɗa ba. Wanda ya canka biyar ko shida cikin goma bai ji bambanci ba, sa'a ce.

Kada kuma a manta a ina muke. A watan Afrilu da Mayu, lasifikar da ta wuni a rana a wurin biki koyil ɗinta na zafi, tagulla kuwa in ta ƙaru da digiri 100 turjiyarta ga wuta na ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, sai ƙarfi ya sauka ana tsakar wasa. Amfili ma in ya yi zafi yana rage kansa da kansa, balle in ƙurar hunturu ta toshe fankarsa. Wuta in ta faɗi daga bolt 220 zuwa 190, amfili mai tiransifoma na rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa, ya fara karcewa da wuri. Waya ɗaya da aka juya, ja a wurin baƙi, ta isa ta sa bafil biyu su cinye bas ɗin juna. Duk wannan a duba shi kafin a zargi manhaja.

A Bluetooth, sau da yawa wayar ce ta sabunta kanta da dare, ba lasifikar ba. Tana iya komawa SBC, hanyar tura sauti ta gama-gari, bayan da tana tura sauti ta LDAC ko aptX, ko ta kunna wani saitin ƙawata sauti da kanta. In kuma wata manhaja ta buɗe mikron kas, sautin kan koma na kiran waya, siriri, ba faɗi. A rufe manhajar, a goge haɗin, a sake haɗawa.

Wajen yin mizajur ɗin kansa ne ake asarar da ba ta gyaruwa cikin sauƙi. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, na'ura na iya ƙin tashi sam. A jona ta a ondila, na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, ko a gurup, wato janareta, mai isasshen mai wanda ba a ɗora masa firiza ko injin walda ba; mai batir kuma a cika shi tukuna. Fayil ɗin a ɗauko shi daga shafin kamfanin, na samfurin daidai harafi da lamba, kada a karɓi wanda ke yawo a waya. Kile USB ta zama an tsara ta da tsarin ajiya na FAT32, fayil ɗin a fili ba cikin jaka ba, kuma kada a zare ta sai na'urar ta gama ta sake tashi. Kayan jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, waɗanda manhajar kamfanin ba ta gane su, a bar su yadda suke, cikinsu daban ne.

A karanta bayanin da ke tare da sabuwar manhajar. In ta gyara matsalar da kake fama da ita, kamar yankewar Bluetooth, ko ƙarar "tas" lokacin kunnawa, ko daskarewar allo, a yi. In kayanka na aiki lafiya kuma babu abin da ya shafe ka a ciki, babu dole, musamman da yake na'urori da yawa ba sa yarda a koma tsohuwar manhaja. Kuma kada a yi shi ranar Alhamis da dare a kayan masallacin Juma'a, ko ana jibi biki, ko a tsakiyar tafsirin azumi. A zaɓi ranar da akwai kwana biyu ko uku a gaba na gwaji da mai da saiti.

Mun gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wasu masu gyara da haɗa kayan sauti,
Yamai.