Inna, ga bayanin hoton nan

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da Baba da dukkan mutanen gida. Ni ma ina nan ƙalau, sai godiyar Allah.

Auta ya ce tun da ya nuna miki hotona a kan dutse kika kasa barci, har kina tambaya ko zaman Turai ya taɓa min kai. Ki yafe ni, laifina ne da na turo hoto babu bayani.

Ranar Asabar ce, ba aiki. Mu goma sha ɗaya, 'yan ajin koyon yaren Nowe da malamarmu, muka bar birnin Stavanger na nan ƙasar Nowe da sassafe. Motarmu ta bi ta wani rami da aka haƙa a ƙarƙashin teku, tsawonsa ya haura kilomita 14, a ƙarshen 2019 aka buɗe shi. Wannan ma da niyyata in ɓoye miki, amma tunda an fara faɗin gaskiya gara a ƙarasa.

Sunan dutsen Preikestolen, wato mumbarin mai wa'azi. Da aka ce daga inda ake ajiye mota zuwa can kilomita 4 ne, dariya na yi. Ashe kilomita 4 na hawa daban ne. Wani wurin matakala ce ta manyan duwatsu, wadda 'yan ƙabilar Sherpa daga Nepal suka jera, kuma na rantse ba don gajere irina suka jera ta ba. Wani wurin fadama ce da aka shimfiɗa wa katako. Ba a ɓata, don an bi hanyar ana rubuta harafin T da jan fenti a jikin duwatsu. Kafin mu yi rabi numfashina ya fara fita sama-sama, wani abokina ɗan Eritiriya ya karɓi jakata ya haɗa da tasa, bai ce min uffan ba. Ina zaune ina haki wata tsohuwa, wadda na tabbata ta girme ki, ta wuce da sandunanta biyu, ta yi min murmushi. Kunya ce ta tashe ni.

Abin da ya ba ni mamaki, mutanen nan da a cikin gari za ka zauna kusa da su a bas ko kallo ba ka ishe su ba, a kan dutse kowa sai ya gaishe ka. Gaisuwar da na samu ranar ta fi ta wata shida.

Bayan awa biyu muka isa. Inna, saman a shimfiɗe yake kamar an daɓe shi, wajen mita 25 ta kowane gefe, daga nan sai ya yanke tsaye, mita 604 har ruwa. Ruwan kuwa teku ce ta kutso tsakanin duwatsu tsawon kilomita 42, Lysefjord suke ce mata. Malama ta ce ƙanƙara ce ta sassaƙe wurin, shekaru wajen 10,000 da suka wuce. Babu shinge, ko igiya babu. Su a ganinsu dutse a bar shi yadda Allah Ya yi shi, kowa ya kula da ƙafarsa. Ni dai ban gamsu ba, amma ba a tambaye ni ba.

To batun hoto. Tsakanina da bakin dutsen akwai taku goma cur, na ƙirga. Mai ɗaukar ne ya durƙusa ya karkata wayar, shi ya sa kika ga kamar iska kaɗan za ta tafi da ni. Layi ma ake bi kafin a ɗauka, ga jama'a a bayana, hoton bai nuna su ba.

Sau ɗaya na leƙa, shi ma rub da ciki na ja jiki kamar ƙadangare, abokina yana riƙe da ƙafata. Can ƙasa na hango jirgin ruwa bai fi tsinken ashana ba, yana tafiya amma ba a jin ƙararsa. Hazo ya taso ya rufe komai, ya sake yayewa, sai ga duwatsu jere har inda ido ya tsaya. Surutun da muke ta yi tun daga mota ya mutu. Tun zuwana ƙasar nan daga ɗaki sai wurin aiki, ban san haka take ba. Ke na fara tunawa.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Kwana biyu ina takawa kamar Baba in ya tashi daga tabarma, kada dai a gaya masa.

A hanyar dawowa malama ta ce nan gaba sai Kjerag, inda wani mulmulallen dutse ya maƙale tsakanin duwatsu biyu, kusan mita 1,000 sama da ruwan, wai mutane har tsayawa suke yi a kansa. Hannu shida ya tashi, babu nawa. Ki kwanta ki yi barcinki.

A gaishe min da Baba da su Yaya da yara. Auta kuma, nan gaba ya tambaye ni kafin ya nuna hoto.

Ɗanki mai neman albarkarki.