Kafin ka fara ɗaukar sikirinshot na ɗalibai, je ka ga kwamitin ɗa'a

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da ƙannena masu digiri na biyu da na uku, musamman waɗanda suka ɗauki taken da kowa yake rububinsa yanzu, wato yadda ɗalibai suke amfani da soshiyal midiya. Taken kam ba laifi, akwai abin dubawa sosai a ciki. Abin da yake damuna shi ne yadda ake ɗaukar izinin kwamitin ɗa'ar bincike, wato kwamitin da ke duba cewa bincike ba zai cutar da mutanen da za a yi shi a kansu ba, kamar wani hatimi da za a je a bugo daga ƙarshe, bayan an gama raba tambayoyi an cika waya da sikirinshot, ana jibi difens, wato ranar kare aikin a gaban malamai, sai a fara neman wa zai sa hannu. Ai tun ran gini ran zane. Kwamitoci da yawa ba sa ba da izini a kan aikin da aka riga aka yi, mujallu masu daraja kuma in ka aika musu takarda lambar izinin suke fara tambaya, in babu shi ke nan, wahalar da ka sha ta tafi a banza.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce wai ai su suka saka a fili, kowa yana gani, to ina ruwan kwamiti? Wannan maganar an taɓa gwada ta kuma ba ta yi kyau ba. A 2008 wasu masu bincike a Amurka suka fitar da bayanan Facebook na ɗalibai kusan 1,700 na aji guda, sun cire sunaye, sun ɓoye sunan makarantar, suka ce babu mai gane kowa. Cikin 'yan kwanaki mutane suka gano Jami'ar Harvard ce, daga jerin kwasa-kwasan da ɗaliban suke yi da wasu alamu da ke cikin bayanin aikin. Da zarar an san makarantar kuwa, ɗalibin da shi kaɗai ne ya fito daga wata ƙasa a ajin, ko ita kaɗai ce take wani kwas, an gama gane shi. Kuma ba a tambayi ɗaliban ba. Abin da ya fi ɗaure kai, wasu daga cikin waɗanda suka kwaso bayanan, su ma ɗaliban makarantar ne, don haka suna ganin abin da na waje ba zai gani ba. Dole aka janye bayanan. A lura fa, wannan aikin ya samu amincewar kwamitin jami'ar, ke nan takardar izini kaɗai ba ta wanke mutum, sai shi mai binciken ya zauna ya yi tunanin me zai iya samun mutanen nan.

Shi ma Facebook ɗin kansa ya sha suka a 2014 da aka buga binciken da ya yi a kan mutum 689,003, inda aka riƙa rage musu labarai masu daɗi ko marasa daɗi na mako guda a Janairun 2012 don a ga ko yanayinsu zai canza, ba wanda aka gaya wa.

To kai da za ka yi naka a kan ɗalibai ɗari biyu ko uku, naka ma ya fi sauƙin tonuwa. In ka kwafo rubutun wata ɗaliba kalma da kalma ka sa a babi na huɗu ka ce "wata mai amsawa ta ce", duk wanda ya liƙa jimlar a wurin nema zai iya fito da ita da hotonta. Guruf ɗin WhatsApp na aji kuma ba fili ba ne sam, don an saka ka a ciki ba yana nufin an ba ka damar kwashe hirar mutane ka kai wa sufabaiza ba, kuma yardar admin ba ita ce yardar sauran ba.

Inda na fi so a tsaya sosai shi ne maganar malami da ɗalibansa. Da yawa daga masu wannan karatu suna koyarwa, sai su ga ai ga ɗalibai nan a aji a sauƙaƙe, a raba musu fom kafin a fara lakca. Fisabilillahi wane ɗalibi ne zai ce wa wanda zai duba masa jarrabawa ya ba shi maki a'a? Zai cike, kuma zai rubuta abin da yake ganin malam yana son ji, ka ga ga tilas ga kuma data marar inganci. Gara ka nemi ajin da ba kai kake koyarwa ba, ko wani ya karɓa maka kai ba ka wurin, a rubuta ƙarara cewa ƙin shiga ba zai taɓa makin kowa ba, kuma mutum zai iya janyewa. Sannan a tuna 'yan shekarar farko akwai waɗanda ba su kai 18 ba, su kam yawanci sai da yardar iyaye, ko dai ka cire su tun daga furofozal, wato takardar tsarin binciken.

Kwamitin abin da zai tambaye ka ba wani abin tsoro ba ne. Me za ka tara, a ina za ka ajiye, wa zai gani, yaushe za ka goge. In tambayoyinka sun taɓo damuwa ko rashin barci ko cin zarafi a intanet, me za ka yi in wani ya rubuta maka cewa yana tunanin cutar da kansa? Wannan dole ka shirya amsarsa tun kafin ta faru, ka san ofishin da za ka tura shi. Sau da yawa ma waɗannan tambayoyin su ne suke gyara wa mutum aikin, don sai an ce me za ka yi da lambar waya da sunan akawun sannan zai ga ashe ba ya buƙatarsu.

Af, akwai kuma maganar tambayar "awa nawa kake yi a waya kullum". Bincike ya sha nuna cewa abin da mutane suke faɗa da baki ba ya yin daidai sosai da abin da wayar ta ƙirga, shi ya sa wasu suke cewa a turo musu hoton shafin lokacin amfani da waya. Dabara ce mai kyau, amma hoton nan yana nuna duk manhajojin da mutum yake buɗewa har da waɗanda ba ya so a sani, don haka shi ma sai ya shiga takardar neman izini, a kuma bar ɗalibi ya rufe abin da yake so ya rufe.

Su ma jami'o'in da nasu laifin. Inda kwamiti ba ya zama sai an ga dama, ko fom ɗinsu duk maganar ɗibar jini da gwajin magani ne babu ko layi ɗaya a kan intanet, kada a yi mamaki in ɗalibi ya zagaye. A sa ranakun zama a fili, a sa wanda ya san harkar soshiyal midiya a cikin kwamitin. Kai kuma ɗalibi ka ware wa izinin nan watanni a jadawalinka, don da wuya a amince a zaman farko ba a dawo maka da gyara ba, kuma kafin takardar ta fito ka ci gaba da babi na biyu, na nazarin ayyukan da suka gabata, kar ka taɓa data ɗin kowa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Wani malami mai duba ayyukan ɗalibai